Injin casar da za a miƙa wa Innata a tsage yake, kuma surukina ne ɗan kwangilar

Assalamu alaikum 'yan zaure. Admin don girman Allah ka cire sunana da adireshina kafin ka tura wannan, don na ga akwai 'yan Nguru a cikinku. Shawara nake roƙo, ta gaggawa, ba wa'azi ba. Wanda zai ce min in yi haƙuri ya riƙe abinsa, haƙurin nake yi tun da abin ya faru kuma bai gyara komai ba. A kafe, wato shagon intanet, nake rubuta wannan, akwai masu jira a bayana, in kun ga ina haɗa magana ku yi min uzuri.

Ni 'yar Gashua ce, aure ya kai ni Nguru, ɗana ɗaya. Innata wadda ta haife ni turara shinkafa take yi tun ina goye, ita ce kuma shugabar ƙungiyar mata masu turara a unguwarmu. Duk wanda ya san Gashua ya san wahalar matan nan, a sayo shinkafa da ƙaiƙayinta, a jiƙa, a turara, a shanya, a ɗora a amalanke a kai injin mutane a bi layi, mai inji ya casa wa wanda ya ga dama, ya farfasa miki shinkafa kuma ba ki da bakin magana. Shekara da shekaru suna adashi da burin su mallaki nasu injin. Da aka zo da wani shiri na tallafa wa ƙungiyoyi, aka ce su kawo nasu kason a cika musu, sai suka kawo. Wasu awakinsu suka sayar, Innata 'yan kunnenta na zinare ta cire.

Irin kwangilar da aka tsara ita ce wadda suke ce wa gama ka miƙa makulli. Wato ɗan kwangila shi zai nemo fili, ya zana, ya gina, ya sayo inji da janareto, ya kafa, ya gwada, ku naku kawai ranar da aka gama a kira ku a damƙa muku makulli. Kuɗin a yanke yake, ko siminti ya tashi ko ya sauka ba ruwanku. Wani injiniya ya zo daga Damaturu ya yi musu bayani, ni na raka Inna don ni ce mai karanta musu takardu tun ina sakandare. Abu ɗaya ya yi ta nanatawa, ya ce kafin makulli duk abin da ya lalace na ɗan kwangila ne, bayan makulli naku ne, saboda haka kada ku yi ɗokin karɓa.

To wanda ya samu aikin mahaifin mijina ne, Baba Alhaji muke ce masa. Babban ɗan kasuwa ne a Nguru, iyayensa daga Kano suka zo tun zamanin gyaɗa. Yana gina shaguna da ajujuwan makaranta, amma bai taɓa kafa inji ba. Matan suka yi ta murna wai aiki ya faɗo hannun na gida. Ni kuma da bakina da ba ya shiru, a wurin mitin na ce wa zai zaɓi filin, wa zai riƙa leƙa aikin a madadinku, in inji ya lalace ina za a samu kayan gyara? Wata tsohuwa ta ce, “To fa, 'yar boko ta kunna rediyo.” Aka yi dariya. A hanya Inna ta ce min, “Ke yanzu uban mijinki kike wa tambayoyin 'yan sanda? Ba ki da ta ido, tun kina ƙarama haka kike.” Shi ke nan, ba su sa kowa ya duba musu ba, suka ce kunya ce a sa wa suruki ido. Aka kewaye wurin aikin da kwanon rufi, tun daga ranar babu macen da ta leƙa.

Filin da ya saya a bakin fadama yake, don ya fi araha kuma ta nan ake fito da shinkafa. Sama yashi ne mai kyau, sai da aka fara haƙa harsashi aka tarar da baƙar laka, irin wadda take dardarewa da rani ta kumbura da damina. Mijina shi ne mai kula da ma'aikata a wurin, ya ce abin da ya kamata shi ne a haƙa da zurfi a kwashe lakar, a cike, a ƙara rodi. Daidai lokacin siminti ya tashi. Baba Alhaji ya sayar da babbar motarsa ɗaya ya zuba a aikin, bai nemi ƙarin ko kwabo wurin matan ba, don yarjejeniyar ba ta ba shi dama ba. Na faɗi wannan ne don kada ku ce mugu ne. Ba mugu ba ne, mutum ne da ya karɓi aikin da bai san cikinsa ba, ya yanke farashi kafin ya haƙa ƙasa. Amma dai daɓen da aka ɗora injin a kai ba a yi shi yadda ya kamata ba.

Duk wannan ban sani ba sai kwanakin baya. Mijina ya dawo da la'asar da hannunsa a naɗe, ya ce a mashin ya faɗi. Ni ba yarinya ba ce, wanda ya faɗi a mashin wandonsa ba ya zuwa fes. Ina gasa masa da ruwan zafi ina tambaya har ya gaji ya faɗa min. Ya ce in aka tayar da injin babu komai a ciki lafiya lau yake juyawa, kamar agogo. Ranar suka zuba masa buhuna don gwaji, yana ɗaukar nauyi sai ya fara jijjiga, daɓen kankaren da ke ƙarƙashinsa ya tsage daga wannan kusurwa zuwa waccan, notunan da suka riƙe shi suka yi sako-sako, bel ya tsinke ya zabge shi a hannu. Na ga wurin, fatar ta tashi. Ya ce da fuskarsa ya samu da wani labarin ake yi. Kuma 'yan uwa, daidai inda ya tsaya nan mace za ta tsaya da kwanonta tana tarar shinkafa, da mayafinta yana lilo, wata da goyo a baya.

Na ce to yanzu sai a fasa daɓen a sake. Ya ce Baba ya sa an cike tsagar da siminti, an shafe, an yi fenti, an ɗaure notunan, an sallami leburorin da suka gani, da ma 'yan ci-rani ne sun koma garinsu. Ranar biki za a tayar da injin da ɗan mudu biyu uku a yi tafi, a miƙa makulli. An kuma matso da ranar don a yi kafin ruwan farko, saboda kowa a cikinsu ya san abin da lakar nan za ta yi in ta sha ruwa. Ya ce ya roƙi mahaifinsa, shi kuma ya ce masa, “Ni na haife ka ko kai ka haife ni?”

Mun yi faɗa, ba zan ɓoye ba. Na ce masa uwata za ku damƙa wa wannan abin, ya ce ai shi ma uwarsa ce. Na ce ƙarya ne, da tasa ce da bai bari an yi fentin ba. Ya ce in an biya su ragowar kuɗin shi da kansa zai koma ya gyara a hankali ba tare da kowa ya sani ba, na ce da wane makullin zai shiga, kuma in bel ya riga shi fa? Ya ce in aka ce a fasa a sake yanzu gidan nan gaba ɗaya zai durƙushe, har tuwon da nake ci. Na ce a bar ni da yunwar. Na faɗi maganganu da yawa da bai kamata ba, na sani, har na ce masa ɗan amshin shata. Bai ɗaga murya ba, shi ba ya ɗagawa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. A ƙarshe ya ce amana ya ba ni, a gidan nan ban da mahaifinsa ni kaɗai na sani, in maganar ta fita ba sai an yi bincike ba, kuma shi bai san yadda zamanmu zai kasance bayan nan ba. Bai ambaci saki ba, amma na ji shi sarai. A gidan nan abin da Baba Alhaji ya ce shi ake yi.

Wani zai ce ki je ki samu surukin naki mana. Wanda ya faɗi haka bai san gidan ba. Tun da aka kawo ni ban taɓa haɗa ido da shi ba, in durƙusa daga nesa in gaishe shi, ya ce Allah ya yi albarka, in tashi. Ko sunansa ba na kamawa. Ta ina zan fara ce masa Baba aikinka a tsage yake? Na gwada ta wajen uwar mijina, na ɗan kewaya, ta katse ni ta ce mace ba ta shiga maganar kwangila, in je in duba miyata.

Sai na nemi izini na hau mota na tafi Gashua, da niyyar in sa Inna ta gano da kanta ba tare da na buɗe baki ba. Na same ta a bakin tukunyar turara, fuskarta sai sheƙi take, tana lissafa min wa za ta yi waina wa za ta yi zoɓo. Na ce Inna ku tuna abin da injiniyan nan ya ce, kada ku karɓa sai kun kawo buhunanku an casa tun safe har azahar a gabanku. Ta ce, “Wato in tara jama'a in tsare surukina kamar an kama ɓarawon akuya? Bakano ne fa, sun san inji tun muna fama da turmi.” Na ce ko a bari damina ta sauka a ga yadda ginin zai yi. Ta ce mata sun gaji da jira, wasu har sun daina kai wa mai injin unguwa, sun yi masa gori sun ce ya jiƙa injinsa ya sha. Can sai ta ajiye ludayin ta dube ni, ta ce, “Ke, ko kin ji wani abu ne?” Na ce a'a, kawai dai. Ni da ake cewa ba na iya riƙe magana, ranar na riƙe, na hau mota na dawo ina jin kamar in mari kaina.

Lambar injiniyan nan tana wayata. Na rubuta masa saƙo na goge ban san sau nawa ba. In ya zo ya ƙwanƙwasa daɓen zai gane, za a riƙe musu kuɗi, sunan Baba Alhaji ya ɓaci daga Nguru har Damaturu, kuma kowa a gidan zai juyo ya kalle ni. In na yi shiru aka karɓa, ranar da daɓen ya sake tsagewa kuma asarar ta matan ce, ba su da abin da za su sake sayarwa, Innata ce za su ce ta haɗa baki da surukanta ta cinye su. Wannan ma in an yi sa'a ƙarfe kawai ya lalace ba mutum ba. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, bikin kuma Asabar mai zuwa ne.

Jiya Inna ta kira ni a waya, ta ce ankona yana wurin tela. Ta ce kuma mata sun yi shawara, tun da ni ce na haɗa gidajen biyu, ni zan ɗauko makullin a faranti daga hannun Baba Alhaji in kawo mata a gaban jama'a. Tana ta dariya tana cewa in sa takalmi mai kyau kada in ba ta kunya. Na ce to Inna.

Don Allah ku ba ni shawara. Amanar miji ta hau kaina ko da akwai cutarwa ga wasu a cikinta, malaman zaure ku faɗa min a taƙaice? Akwai hanyar da za a sa a yi gwajin nan da buhuna ba tare da an gane daga ina maganar ta fito ba? Masu aikin gini a cikinku, daɓen da aka cike haka yana iya kaiwa lokacin kaka, ko yaudarar kaina nake? In kuma babu wata hanya sai in faɗa wa Inna, to ku gaya min gaskiya, in fara haɗa kayana ne kafin in kira ta, ko in kira ta tukuna?