Makirfon da Ya Ji Raɗar Baffa

Zuwa ga Baffa Abdurradi,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, da Inna Sakina da ciwon gwiwarta, da duk mutanen gida. Baffa, ka taɓa jin ƙarar yatsun mutum idan aka ɗora su kan benci aka sauke musu gora? Ni na ji, nawa ne. Da hagu nake wannan rubutu a asibitin garin Suhaj, ka yi haƙuri da karkacewarsa.

Kai ka ce na je Alƙahira na lalace da karatun takardun da ba malamin da ya biya mini. To, a cikinsu na koyi haɗa makirfo irin na mawaƙan zamanin da. Wata huɗu na yi a kan wannan. Da hannuna na lanƙwasa tagullarsa, na ɗaura fatar cikinsa wadda ta fi ɓawon albasa sirantaka. Na yi shi ne don Shehu Bakri, da tsufa ya cinye masa murya, a ji begensa da sarewar da ke binsa ranar sulhunmu da gidan Mitwalli.

Na faɗa muku da safe, a gaban kowa: wannan ba irin na masallaci ba ne da sai an manna baki. Yana jin numfashi daga taku uku. Ka yi dariya, ka ce ɗan birni ya zo da kunnen aljani.

Bayan azahar Fathi na gidan Mitwalli ya shigo rumfa ba takalmi, ba rawani, likkafaninsa a tafin hannu, kamar yadda al'adarmu take, don a yafe jinin ɗanka Jabir da ke wuyan gidansu. Shehu ya tsaya da bege. Wuri ya yi tsit. Kai kuwa kana bayan Shehu, kusa da makirfon, ka sunkuya wajen kunnen ɗanka Hamdi, sai lasifika huɗu suka faɗa wa mutum dubu: “Bari ya ajiye likkafanin. A gadar ruwa za mu gama da shi.”

Sauran ka gani, ko da yake daga ƙarƙashin tebur ka gani. Kujeru suka tashi sama. Gora ta fasa kan liman. Ƙanen Fathi ya zaro wuƙa daga hannun riga ya buɗe wa Hamdi kumatu har kunne. Fathi ya faɗi, aka tattake shi da likkafanin nasa, har yau bai farfaɗo ba. Ni kuma 'yan uwana, waɗanda muka ci gurasa a tire ɗaya, su suka ja ni bayan rumfa. Suka fara da makirfon, suka ƙare da hannun da ya yi shi.

Yanzu na ji ka gaya wa 'yan sanda da dattawa wai muryar wani na ɗauko na saka a lasifika, wai gidan Mitwalli suka saye ni. An yanke kada in sake taka garinmu. Uwata ta zo jiya, ta ce mata sun daina amsa sallamarta.

Na san zafin Jabir, Baffa. Ni na riƙe ƙafafunsa aka sa shi a kabari. Kai ka goya ni bayan rasuwar ubana, wallahi ina ƙaunarka, shi ya sa abin ke ci na. Da ka ce ba ka yafe ba, da namiji ka yi. Amma ka zo karɓar likkafani da hannu, kana shirya kisa da baki, sannan ka rataya wa maraya laifin.

Na aika wa liman da Shehu Bakri irin wannan takarda. Ranar Juma'a, in an sallame, ka miƙe kafin kowa ya sa takalmi. Liman zai miƙo maka Alƙur'ani. Ka dafa, ka gaya wa gari muryar wa ce.

Ka gaida Inna da Hamdi, Allah ya ba shi lafiya.

Ɗanka,
Shahat