Ɗaga Inna

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya gida, ya yara, ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Ni dai ga ni nan. An cire zaren ɗinkin kafaɗar, hannun kuwa yana rataye a wuya kamar na aro. Likita ya ce yawan ɗaga Inna daga gado zuwa kujera ne ya yaga jijiyar. Kar ki gaya mata.

Mai gashin ƙashi ta ba ni aikin malalata. Wai in zauna in rufe ido, in riƙa ganin hannun yana abin da ya saba ba tare da na motsa shi ba, don kada ƙwaƙwalwa ta manta hanya. Sai na zaɓi Inna. Kullum da safe nakan zura hannu ƙarƙashin bayanta, in ji ƙamshin man zafinta, ta damƙe wuyan rigata tana kirana sarkin gaggawa.

Na ji tana ƙin yarda ku ɗaga ta. Ku fara ɗumama hannu, ba ta son sanyi. Ki ce mata da zarar hannun ya kai kafaɗa zan zo in dawo da ita ɗakinta.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya haƙuri, ya baƙi? Da fatan kina samun barci.

Kin tambaya ko na yi kuka bayan na dawo daga zaman makoki. Ban yi ba. Ina ci, ina wanka, ina zuwa asibiti. Ba na jin komai, ko kafaɗar ma ta daina ciwo.

Da na gaya wa mai gashin cewa Inna ta rasu, sai ta ce in sauya, in riƙa ganin ina ɗauko kofi daga kan kantar kwanuka. Na gwada. Ina rufe ido hannun yake wuce kofin ya nufi gado. Har yanzu nauyinta ɗaya, har yanzu tana mita.

Jiya a asibiti aka ce in ɗaga hannun da gaske. Ya kai kafaɗa, Yaya, har ya ɗan wuce. Ma'aikatan suka yi ta tafi, ni ina kallonsa.

Kujerar Inna da kika ce za a ba maƙwabta, a bar mini ita tukuna. In na ɗago Inna da safe ba ni da inda zan ajiye ta.

Ƙanwarki,
Auta