Ɓata-fenti da Bangon Makaranta

Babana,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya. Yaya ƙafar, yaya shago? A gaishe min da Inna.

Kada ka yi dariya: an ba ni darasin zane a aji uku. Ni ɗin nan da ka laƙaba wa Ɓata-fenti. Shugabar makaranta ta ji cewa mahaifina mai zana allunan shaguna ne, sai ta ɗauka abin a jini yake, ni kuma kunya ta hana ni musawa. Ranar farko na zana akuya a allo, na tambayi yara mene ne wannan. Rabinsu suka ce tebur, wata ta gyara musu, ta ce tebur mai gemu.

Don Allah ka aiko min da zane ko guda biyar ta hannun direban nan maƙwabcinku, in samu in rufa wa kaina asiri.

Taka,
Ɓata-fenti

Babana,

Ina fatan ka wuni lafiya, ƙafar kuma ta yi sauƙi. Saƙo ya iso, Allah Ya saka da alheri, sai dai ya jawo min aiki.

Kullum nakan liƙa zanenka a allo kafin yara su shigo. Ban ce nawa ba ne, ban kuma ce ba nawa ba ne. Jiya Shugaba ta ga zakaran nan mai jan zanko, ta daɗe tana kallo. Yau da safe ta sanar a gaban kowa cewa ni zan ƙawata dogon bangon bakin ƙofa kafin taron iyaye, yara na kallo don su koya. Har ta sayo fenti da buroshi. Saura mako biyu.

Tsoro nake ji, Baba. In ta gane, ina jin za ta ƙwace ajin, ga shi yaran nan sun shiga raina. Na san za ka ce bari ka zo ka yi min. Kada ka zo, ƙafarka ba ta hawa tsani ba ce, kuma ƙaryar ta isa haka.

Taka,
Ɓata-fenti

Babana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta Inna, ga labari.

Na faɗa wa Shugaba gaskiya. Ta yi dariya har da cire tabarau, ashe labarin tebur mai gemu ya daɗe da isa ofishinta. Amma ta ce bango na nan yana jira, in bai yi kyau ba, aji ya koma hannun wani.

Washegari na tsaya gaban bangon ina tunani, sai ga inuwata a kansa. Ka tuna ranar da na yi kuka a shago don hannuna ya ƙi zane, ka tsayar da ni a rana, ka bi gefen inuwata da gawayi, ka ce in cika ciki da kalar da nake so? Shi na yi da yaran. Na haɗa su biyu-biyu, wannan ya tsaya, wancan ya bi inuwarsa, sannan su canza. Wani ya buɗe hannuwa zai tashi sama, wata ta yi atishawa ana tsakiyar aiki, ta fito da hanci biyu, ta ce a bar mata kayanta. Shugaba ma ta tsaya aka bi inuwarta, da tabarau da komai. Aji dai yana hannuna.

Na gaya wa yara wanda ya zana zakaran, yanzu sun hana ni sakat, sai sun gan ka. Mun bar wuri guda a ƙarshen bangon, kusa da inuwata. Ka zo ranar taron da sassafe, kafin rana ta yi sama. Babu hawa tsani, tsayawa kawai za ka yi. Wannan karon ni zan riƙe gawayin.

Taka har kullum,
Ɓata-fenti