Jinina Bai Manta da Ƙyanda Ba

Inna,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da Baba da su Yaya. Ya ƙafar Baba? Don Allah ki raba shi da keken nan.

Ni lafiya lau. Mura ce ta ɗan kwantar da ni, ta ma wuce.

Kin tambayi aikin da nake yi a ɗakin bincike. Inna, a cikin jini akwai wasu ƙananan masu gadi da ke yaƙar cuta, siffarsu kamar gwafa. Gindinsu kusan iri ɗaya ne, amma bakin kowace daban, an yi shi daidai da cuta guda. Ciwon da mutum ya taɓa yi, gwafarsa takan zauna a jininsa.

Makon jiya jinin gwaji ya ƙare mana, sai na miƙa hannuna. Shugabarmu ta duba ta ce, "Ke kam kin sha fama! Ga ta ƙyanda nan, har yau tana gadi." Aka taru ana kallon na'ura, ana mamaki. Ba wanda ya tambayi wa ya yi jinyata.

Ke ce kika goya ni lokacin ƙyandar nan, kina riƙe min hannuwa kada in yi susa. Wannan bai fito a na'urarsu ba.

Da murar nan ta kayar da ni, ni na lallaɓa na dafa wa kaina ruwan zafi. Ba komai, na saba.

Ki turo min muryarki ta wayar Yaya, ko da faɗa ne za ki yi min.

Allah ya bar mana ke.

Autarki