Muryar Inna a Lasifikar Illo

Yelwa, Yauri,
Jihar Kebbi.
1 ga Afrilu, 1993.

Zuwa ga Yayana Basiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Yaya Jamila da Abba, ya buɗa maka a sana'arka, ya tsare ku da sharrin Ikko da na mutanenta. Mu nan tunga lafiya lau. Ruwa ya ja baya sosai bana, kifin ma sai an yi nisa ake samunsa. Kawu Mainasara ya gyara injin jirginsa, yanzu ya daina zagin kowa da safe. 'Yar'uwarmu Rakiya ta sauka lafiya, an samu mace, an sa mata Hamdiyya. Inna ma jikinta lafiya, tana ci tana sha, tana salla a tsaye. Jikin ne kawai na ce, sauran kuwa shi ya sa na zauna rubutu.

To Yaya, gaisuwa ta ƙare, kuma ka yi haƙuri da abin da zai biyo baya, don raina a ɓace yake. Ka san duk gidan nan ba mai tsaya wa kiɗanka kamar ni. Ran da ka bar kamun kifi ka tafi aikin situdiyo, ni na ce a ƙyale ka. Kaset-kaset ɗin da kake aiko mini, waɗanda kake rubuta wa "tsofaffi" da "sababbi" da jan biro, ba wanda ban saurara ba har batir ya mutu. Na san na baƙaƙen Amurka masu zuba magana a kan ganga kamar ana faɗa, na san na'urar nan mai bugu kamar ana daka, har na iya gane wanda ka ce na rawar birek ne. Da Kawu ya ce hayaniyar banza ce, ni na ce masa ai 'yan gambara ma haka suke yi, tasu dai ba ta da lantarki. Saboda haka kada ka ce ƙauyanci ne ke damuna, ko ban san abin ba ne.

Bari in fara da laifina, don kada ka riga ni faɗa. Tun da ka tafi, duk ƙarshen wata nakan ajiye wa Inna rikoda ta yi maka magana, tunda ba ta rubutu. Kuma ka san kai ɗan fari ne, bakinta bai taɓa kama sunanka ba. "Wancan na Ikko" take cewa, ko "yayanku". Ko a asibiti da aka tambaye ta sunanka, ni ta taɓa na faɗa. To ran nan ta gama saƙonta, na tashi in juya kifi a kan banda, na manta ban kashe rikodar ba. Ita kuma tana zaune ita kaɗai tana gyaran komar kamun kifi, ta ɗauka ba mai jinta sai Allah, ta shiga 'yar waƙar da take yi maka kana goye, ta kira sunanka, ta yi maka addu'a. Da na saurara daga baya na ji, sai da na yi hawaye. Ya kamata in goge, ban goge ba. Na ce bari bawan Allah ya ji sau ɗaya a rayuwarsa, na aika maka da kaset ɗin a haka. Wannan nawa ne, na ɗauka, kuma na faɗa wa Inna da bakina.

Amma haba Yaya! Kyauta aka yi maka ta ɓoye, sai ka ɗauke ta ka kai situdiyo? Ka yanko daidai wurin sunan, ka ɗora a kan wannan bugun naku, ka sa yana maimaituwa, har da su in'ina kamar Inna ba ta iya magana ba? Na karanta takardar da ka haɗo da sabon kaset ɗin da ka aiko mini. Ka ce shekara talatin da ɗaya ba ka taɓa jin sunanka a bakinta ba, ka ce ka yi kuka, ka ce so kake ka riƙa ji ba iyaka. Na yarda, wallahi na yarda. To ba sai ka mayar da kaset baya ba? Biro ma yana mayar da shi. Ka shiga ɗaki ka ji sau dubu, wa zai hana ka? Kuma da ka gama, duk duniya ka rasa wanda za ka ba sai Sule direba, wai don ka rubuta "Lubabatu kaɗai" a jiki. Yaushe ka ga direban motar kifi ya ga kaset ya bar shi cikin kwali? Tun daga Ikko yake kunna shi har Kontagora. Da ya iso Yelwa, kafin ya kawo mini sai da ya biya ta shagon Illo mai kaset, shi kuma ya zura a rikodarsa mai baki biyu ya kwafe.

Ran kasuwa muka shiga jirgi da Inna da kwandunanmu biyu. Mun zauna ke nan a layin masu kifi, ta fara ciniki da wata mata, sai Illo ya saki lasifikarsa. Bugu ya fara, ƙasa har rawa take, sai ga muryar Inna a sama da kasuwa duka tana kiran sunanka, tana sake kira, tana sake kira. 'Yan kabu-kabu suka bar baburansu suna rawa. Ni na san abin da ke ciki, na sunkuyar da kai. Inna da farko ba ta gane ba, har ta ce wace marar kunya ce wannan. Laraba mai kifi da ke kusa da mu ita ta fara ganewa, ta dafe baki, ta kalli Inna, sai dariya ta ƙwace mata, ta ce ashe dai Inna ta san sunan. Layin nan duka ya ɗauka. Yaya, na ga fuskar uwarmu a lokacin, kuma ba na fatan in sake gani. Ta rufe kifinta da buhu, ta gyara mayafi, ta gangara bakin ruwa ta shiga jirgi ta zauna. Tun kafin azahar har la'asar tana nan cikin rana, ta juya wa kasuwa baya.

Ni kuwa na nufi shagon Illo, kuma abin da na faɗa masa ba zai rubutu ba. Sai ce mini ya yi wai in yi murna, tun da ya buɗe shago bai taɓa samun kaset mai tafiya irin wannan ba, wai Yauri ma ta samu nata. Ka ji fa! Guda bakwai na samu a gabansa, na kwashe na zo na cusa su cikin wutar banda. Amma ya ce wasu sun riga sun tafi Shanga, wasu Ngaski, wasu Wara. Shekaranjiya aka ce an sa shi a wani biki a Shanga har sau huɗu. Ta ina zan bi in tattaro su? Yau mako uku Inna ba ta taka kasuwa ba, ni ke kai kifin. Ko suna na gidan Rakiya da asuba ta je ta dawo kafin mata su taru. Matar da ta yi shekara talatin da ɗaya tana riƙe da kunyarta, ko a gaban Baba, Allah ya jiƙansa, ba ta taɓa saki ba, yau samari ke kwaikwayon muryarta a tasha.

Kada ka aiko da wani kaset na ban haƙuri, kada ka aiko da atamfa. Kawu ya ce in gaya maka ka taso da ƙafarka, ka zo ka durƙusa, kuma ni ma abin da na gani ke nan. Kaset ɗin da ke can wurinka kuma, da wanda ke situdiyo, ka goge su tun kafin ka hau mota. In kuma wani ya ce maka wannan kiɗan zai kai ka wani wuri, ka ce masa ba da uwarka ba.

Jiya wata ya ƙare. Ban yi niyyar fito da rikoda ba, Inna ce da kanta ta ce in kawo. Na yi murna, na ce ko ta huce. Na sa sabon batir, na danna, na koma gefe. Ta zauna a gabanta kamar kullum, ta harɗe hannu, tana kallonta. Na jira ta fara sallama, shiru. Haka muka zauna har gefe ɗaya ya ƙare, rikoda ta kashe kanta, sannan ta tashi ta ɗauki butarta. Ga kaset ɗin nan na haɗa da wannan takarda, ta hannun wani aminin Kawu, ba Sule ba. Za ka ji kaji, za ka ji injin jirgi ya wuce, za ka ji numfashinta. Ka saurara har ƙarshe, kamar yadda na zauna har ƙarshe.

Ka gaishe mini da Yaya Jamila, ka shafa mini kan Abba. Kawu Mainasara yana gaishe ku, Rakiya da mijinta suna gaishe ku. Na tambayi Inna ko in rubuta gaisuwarta, ta ce ba sai na rubuta ba, tana cikin kaset.

Ƙanwarka,
Lubabatu.