Ruwa Ya Yi Gyara

Challawa, Kano
9 ga Agusta

Yaya Zaituna,
Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da Malam Idrisu da yara. Direba na ba wa takardar nan, tunda wayarku ba ta shiga sai an hau dutse. Yaya ruwa a wajenku? A majemar da nake aiki tun bazara aka mayar da mu kwana uku a mako. Rijiyoyin burtsatse sun ja baya, fata kuwa ba ta jemuwa sai da ruwa. Shekara ashirin da biyu ina shaƙar warin nan, na gaji. Lambun Baba na bakin rafi ne kawai a raina.
Ƙaninki,
Gwadabe

Riruwai
20 ga Agusta

Gwadabe,
Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke, ruwa ya yi gyara, mun gode Allah. Ashe ka san hanyar gida, ko da a takarda ce? Shekara shida ba mu ga ƙeyarka ba. Ka gaida Saudat da yara.
Yayarka,
Zaituna

Challawa
2 ga Satumba

Yaya,
Bayan gaisuwa. Takardarki ta sanyaya mini rai. Tunda ruwa ya yi gyara, jiya na ajiye aiki. Da kaka za mu taso gaba ɗaya, in tayar da lambun, in zuba albasa da tumatir. Ki huta lafiya.
Gwadabe

Riruwai
11 ga Satumba

Gwadabe,
Ina gaisuwa, amma raina a ɓace yake. Gaishe ni ka yi, na amsa gaisuwa. Tun da kake, ka taɓa jin an ce wa mutum yaya ruwa ya ce ya yi ɓarna? Ko gidansa ya ci, gyara zai ce.

To ga maganar da ba gaisuwa ba. A da duwatsun nan shanye ruwan damina suke yi, su riƙa sako mana shi kaɗan-kaɗan har bazara. Yanzu sai a yi kwana ashirin babu ɗigo, sannan ruwan wata guda ya zubo a yini biyu, ya gangara da gudu ya tafi da ƙasa. Bara ya kwashe rabin lambun, yashi da tsakuwa ya bar mana. Rafin kuma kafin sanyi ya wuce ya ƙafe, sai mun tona yashi muke samun na sha. Malamin gona ya ce zafi ne ya ƙaru, damina ta rikice, kuma abin da muke rasawa a nan sama shi kuke rasawa a can ƙasa.

Ni ma da laifina. Ka ambaci lambun na yi shiru, don ban so in ɓata maka abin da kake tunawa. Ka koma ka ba su haƙuri, kwana uku ya fi babu. Allah ya rufa asiri.
Zaituna

Challawa
19 ga Satumba

Yaya,
Ina gaishe ki, kuma ban riƙe ki da komai ba. Na koma. Manaja ya ce dama rage mutane ake shirin yi, tafiyata ce ta sa ba a sallami abokin aikina Uwaisu ba, mai 'ya'ya bakwai. Sai na juyo gida babu aikin.

Muna nan tafe da kaka. Saudat ta sani, yara ne ban gaya wa ba. Ɗazu 'yata Lubna ta tambaye ni ko zan koya mata iyo a rafinmu. Na ce mata in Allah ya so.
Ƙaninki,
Gwadabe