Robobi Goma Sha Biyu

Litinin, 3 ga Maris

Takardar kwamitin gasa ta iso. Bana duk jirgin ruwa mai tafiya da iska da zai shiga tseren Lorient zuwa Horta sai da mace ɗaya, namiji ɗaya. Shekara ashirin da biyu ni da Tangi muna ratsa tekun nan, yau wasu masu takalmin da bai taɓa jiƙewa ba sun raba mu da shafi guda. Wai kuma ba a jefa komai a ruwa, ko ɓawon lemo, sannan kowane jirgi zai riƙa ɗibar ruwan teku a kwalabe saboda masu bincike. Tsere muka zo ko aikin asibiti?

Na kira Tangi. Ya ce, "To Loig, sai ka saya mini siket." Ban yi dariya ba.

Shekarata sittin da ɗaya. Likita ya ce daga bana gwiwoyina sun gama da teku. Sau tara na yi wannan tsere, ban taɓa shiga ukun farko ba. Abin da nake nema ke nan, ba kwalabe ba.

Alhamis, 20 ga Maris

Sun haɗa ni da wata Soazig Penhoat. Shekararta talatin da ɗaya, ta karanta ilimin teku, kuma hannunta na hagu a gwiwar hannu ya tsaya, haka aka haife ta. Da na gani sai da na kalli sama. Ta lura. Ta ce, "Kaftin, ka gama ƙirgawa? Ɗaya ne, ba zai ƙaru ba."

Baki gare ta. Na gaya wa matata Annaig a gida, ta ce to ai na samu daidai da ni, ta ci gaba da shafa man shanu a burodinta. Matar mutum ma!

Litinin, 14 ga Afrilu

Faɗa a kan babban ƙyallen jirgi, mara nauyin nan da muke bazawa in iska ta biyo bayanmu. Tun zamanin babana yadda ake yi ɗaya ne: a naɗe shi, a ɗaure da ƙananan robobi, a ja shi sama a ɗaure. In ya kai ƙololuwar sandar jirgi a fizgi igiya, robobin su tsittsinke, ƙyalle ya buɗe. In ya buɗe tun yana rabi, iska ta cika shi, sai ya ja mutum ya jefa a ruwa.

Malamar kwalabe ta ce an hana, don robobin a teku suke faɗawa, tsuntsaye su haɗiye. Ta zauna yini guda da allura, ta danne ƙyallen da dungunta, ta ɗinka masa wasu maɗaurai masu mannewa, waɗanda suke ɓallewa amma su zauna a jikinsa. Na ce wannan ai rigar jariri ce. Ta ce, "Za ta yi maka kyau."

Jakar robobina na tura ƙarƙashin gadona. Ba wanda ya tambaye ni.

Lahadi, 1 ga Yuni

Mun tashi. Jirage ashirin da shida. Tangi yana bakin gaɓa, hannu a aljihu.

Talata, 3 ga Yuni

Na shida muke. Duk bayan awa shida sai ta sunkuya ta cika kwalba, ta rubuta lamba. Na wurga ɓawon ayaba, ta cafe shi a iska ta sa a buhun shara, ko kallona ba ta yi ba. Na tsani mutumin da ba ya ɗaga murya.

Tuƙi kam ta iya. Ba zan faɗa mata ba.

Laraba, 4 ga Yuni

Iska ta juyo bayanmu da ƙarfi, lokacin babban ƙyalle ya yi. Ni zan riƙe tuƙi, ita za ta ja shi sama, don gwiwoyina ba sa kai ni gaban jirgi a irin wannan ruwa. Da hantsi tana barcin juyinta, na ciro ƙyallen na ƙara masa robobi goma sha biyu a kan rigar jaririnta, na mayar cikin buhu. Mai hannu ɗaya, iska haka? Taimakonta na yi.

Sai da ya kai rabin sanda ta gan su. Babu halin tsayawa. Ya hau, na fizga, suka tsinke tas-tas, suka bi iska. Jirgi ya zabura.

Ta dawo baya tana haki. "Nawa ka sa?"

Na ce ban ƙirga ba. Ta ce ita ta ƙirga.

Na ce teku mai faɗin nan, roba goma sha biyu za ta kashe shi? Manyan jiragen dakon kaya me suke zubarwa kullum? Ta ce, "Wannan maganar tsuntsaye ce, za mu yi ta daga baya. Ka taɓa ƙara wa Tangi roba a ɓoye yana barci?"

Na ce Tangi hannu biyu gare shi. Na faɗa, kuma da ƙarfi na faɗa.

Tun daga nan ba ta sake ce mini kaftin ba. Sai "ja", sai "saki".

Alhamis, 5 ga Yuni

Na huɗu. Ta dafa taliya, ta ajiye tawa a ƙasa kamar ta kare.

Juma'a, 6 ga Yuni

Hadari ya taso da azahar, dole muka sauke ƙyallen. Da ya wuce sai a sake ɗagawa, iska ta fi ta Laraba. Ita ta naɗe shi a gabana, da maɗauranta kawai. Na buɗe baki, ta ce, "Tsoho, riƙe tuƙinka."

Ta zagaya igiyar a ƙugu, ta maƙale ta da dungun, ta riƙa faɗawa baya da dukan nauyinta. Ƙyallen ya hau a miƙe, bai buɗe ba sai da na fizga. Na duba agogo, tsohuwar al'ada. Ta fi Tangi sauri da daƙiƙa tara.

Wataƙila agogon ya sha gishiri.

Kafin la'asar mun wuce jirgin 'yan Saint-Malo. Na uku muke. Na uku!

Lahadi, 8 ga Yuni

Horta. Mun shigo na uku, na huɗu yana bayanmu da minti arba'in. Na zauna a kan buhun ƙyalle na yi kuka, ban damu da wanda ya gani ba. Annaig ta kira tana ihu, Tangi ya turo saƙo: "Shege, ka yi ba ni."

Sai wata yarinyar kwamiti ta miƙo takardar da kowa ke sa wa hannu bayan tsere, cewa mun kiyaye dokoki duka. Mu biyu za mu sa. Hukuncin zubar da abu a ruwa ƙarin awa biyu ne a kan lokacin jirgi. Na iya lissafi.

Na ja Soazig gefe. Na ce ba wanda ya gani, rabin jiragen nan ma na san suna yi. Na ce wannan ne na ƙarshe gare ni, ita tana da shekara talatin a gaba. Har "don Allah" na ce mata, ni Loig Kervarec.

Ta ce, "Ba zan kai ƙararka ba, jirginka ne. Nima ina son na ukun nan, na fi ka buƙatarsa, kowa jira yake in gaza. Amma hannu ɗaya gare ni, ba zan sa shi a kan ƙarya ba."

An ba mu zuwa gobe da tsakar rana. Muguwa. Mai taurin kai. Da Tangi ne da tuni muna shagali.

Litinin, 9 ga Yuni

Na rubuta: robobi goma sha biyu, ranar Laraba, ni na sa, abokiyar tuƙina ba ta sani ba. Ta karanta, ta sa hannu a ƙasa.

Na shida.

Talata, 10 ga Yuni

An ba 'yan Saint-Malo kofinmu. Ban je ba. Wai shugaban kwamiti ya yabe ni a jawabinsa. Ya riƙe yabonsa.

Asabar, 28 ga Yuni

Gida. A shagon shayi na tasha Tangi ya ce ga abin da ake samu in an ɗauki mace, macen ma rabi. Ban san lokacin da na buga tebur ba. Na ce daƙiƙa tara, Tangi, daƙiƙa tara ta ba ka, ka rufe mini baki. Gajiya ce kawai.

Laraba, 16 ga Yuli

Har yanzu ina ganin dokar nan shirme ce, kuma har yanzu ban yafe mata ba. In na tuna dandamalin ba da kofin nan sai abinci ya fita raina.

Robobin da suka rage na ba Annaig, tana ɗaure bakin kwalaben zuma da su.

Takardar shiga ta baɗi ta zo. Jirgi ba ya son zama a tasha, lalacewa yake, shi ya sa kawai. A gurbin kaftin na rubuta Soazig Penhoat, da fensir, don ban tambaye ta ba tukuna. Doka ta ce sai da namiji ɗaya. Na kira Tangi na ce akwai gurbi, amma ja da saki zai yi, kuma ita za ta faɗa.

Ya ce, "Za ta yarda da ni?"

Na ce ban sani ba. Ni ma sau biyu na kira, ba ta ɗauka ba. Gobe zan je da kaina.